Dutse Ma Yana Ciwo: Yadda Ruwa, Gishiri da Siminti Ke Cin Tsofaffin Gine-ginenmu

Duk wanda ya zaga tsofaffin unguwannin Karshi a ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya fara ja da baya, zai ga wani abu da ido ya saba da shi har ya daina lura. A gindin katangun da aka ɗora kan harsashin dutse akwai wani layi mai duhu da ya kai gwiwa. A samansa kuma wani farin gari ne kamar an barbaɗa kanwa. Ka shafa da yatsa ya biyo ka. Ka ƙwanƙwasa yaɓen ya amsa maka da ƙara irin ta ƙwaryar da ba komai a cikinta.

Abin da maigida zai yi sananne ne. Zai kira birkila, a sayo siminti buhu biyu da yashi, a kankare wurin, a yaɓe, a goge ya yi sumul. Kowa ya wuce ya ce gida ya yi kyau. Baɗi war haka farin garin ya dawo, amma wannan karon ya haura sama da inda aka yaɓe. Idan aka ɓamɓare simintin, sai a tarar dutsen da ke ƙarƙashi ya fi da laushi.

Karshi gari ne na duwatsu, a bakin iyakar Babban Birnin Tarayya da jihar Nasarawa. Dutse ne abin da ya fi komai yawa a idon mutum a nan, kamar yadda yake a Mpape da sauran gefunan Abuja inda tifofi ke jigilar tsakuwa dare da rana. Wataƙila shi ya sa muke ganin dutse a matsayin abin da ba ya tsufa. Ginin ƙasa kowa ya san yana son yaɓe kafin damina. Ginin dutse kuwa sai a ce ai wannan sai tashin duniya, a juya masa baya.

Wannan zato shi ke cinye mana abin da ya fi katangar gida daraja.

Birnin da Kanta ya gina da dutse

Idan ana maganar ginin Hausawa, hankali kan tafi ga tubali da azara da makuba: ganuwar Kano, hasumiyar Gobarau, masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Kaɗan ne ke tuna cewa akwai birnin da aka kewaye da dutse.

Surame ke nan, a ƙaramar hukumar Binji ta jihar Sakkwato. Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya na Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa daular Kabi, shi ya mayar da shi babban birninsa. Faɗin wurin ya kai wajen murabba'in kilomita 9. Akwai ganuwa ta dutse da kwaɓi, da ƙofofi, da rijiyoyi, da tushen gidaje, da ɓaraguzan tukwane a warwatse. An bar birnin wajen shekarar 1700, sarauta ta koma Birnin Kabi. Kimanin shekara ɗari bayan haka, Muhammadu Bello ya ambaci kufan biranen Kanta a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya nuna cewa bai ga kufai da suka kai su ba.

Akwai labarin baka da ake bayarwa game da ginin ganuwar: wai wata tawagar ma'aikata ta makara, sai aka hukunta ta da cewa ta yi kwaɓinta da man kaɗanya maimakon ruwa, kuma wai ɓangaren nata ya fi sauran ƙarko. Ko gaskiya ne ko ƙari ne irin na masu ba da labari, abin sha'awa a ciki shi ne mutanen da suka ƙirƙiro shi sun san cewa ƙarfin katanga ba a dutsen kaɗai yake ba, yana cikin abin da aka haɗa duwatsun da shi, da yadda wannan abin ke hulɗa da ruwa.

An ayyana Surame a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 1964. A 2007 aka sa shi a jerin wuraren da Najeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Amma takardar ayyanawa ba ta hana saiwa shiga tsakanin duwatsu, ba ta kuma hana ruwan sama wanke kwaɓi.

Ruwa ne ɗan aike

Masana adana gine-gine kusan bakinsu ɗaya a kan cewa yawancin cutukan dutse ruwa ne ke kawo su, ko shi ke ɗauko abin da ke kawo su.

Dutse ba dunƙulallen abu ba ne kamar yadda ido ke gani. Yana da ƙananan ramuka, sai dai yawansu ya bambanta. Irin dutsen Zuma da Aso da tsaunukan Karshi matsattse ne, ruwan da yake sha bai taka kara ya karya ba. Jan dutsen marmara kuwa, wanda ake sassaƙa shi cikin sauƙi idan an haƙo shi sannan ya ƙara tauri a iska, da dutsen yashi irin na yankin Sakkwato, suna shan ruwa sosai. Ta waɗannan ramukan danshin ƙasa ke hawa katanga, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani.

Da ruwan tsarkakakke ne da da sauƙi. Amma yana tafe da gishiri iri-iri da ya narkar daga ƙasa, daga kwatami, daga turken dabbobi, daga lungun da mutane suka mayar wurin fitsari, daga kashin jemage da tattabara. Idan rana ta buɗe ruwan ya tafi, gishirin ya tsaya. In ya daskare a fuskar dutse, shi ne farin garin nan, kuma shi ne mai sauƙin: muni kawai yake da shi, a share shi da busasshen buroshi. Mai haɗarin shi ne wanda ya daskare a ciki, ƙarƙashin fata. Ƙwayoyinsa na girma a cikin ramukan, suna tura bangon ramin, damina ta narkar da su, rani ya sake daskarar da su. Shekara goma, ashirin, hamsin, sai fuskar dutse ta fara tashi ɓawo-ɓawo, ko ta riƙa zuba kamar gari.

A nan yanayinmu bai taimaka ba. Yankin Abuja na samun ruwan sama sama da milimita 1,000 a shekara, sannan hunturu ya zo ya busar da komai ƙayau. Sakkwato ba ta samun ko kusa da haka, amma ruwanta na zuwa da ƙarfi cikin 'yan watanni, sai kuma dogon rani. Jiƙewa da bushewa a jere, shi ne abin da gishiri ke so.

Zafi ma na da nasa rabon. Fuskar dutse na kumbura da rana, ta tsuke da sanyin dare, cikinsa kuwa bai motsa ba. Wutar daji ta fi haka muni, domin abin da rana za ta yi a shekaru masu yawa, wutar mafarauta ko ta mai share gona na yinsa cikin minti kaɗan: fuskar dutsen ta tsage ta fashe. A kufai irin Surame, inda ciyawa ke rufe gindin ganuwa kowace damina, wannan ba ƙaramar barazana ba ce.

Sai bango ya tsage

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A tsohon gini ba ƙadangare ne abin tsoro ba, ɗan tsiron ceɗiya ne ko durumi da tsuntsu ya ajiye irinsa a cikin tsaga. A shekarar farko yaro ma zai iya cire shi da yatsu biyu. A ta goma saiwarsa ta yi kaurin hannu, ta ɗaga duwatsu daga mazauninsu. A ta talatin ita ce ke riƙe da katangar, ta yadda idan aka tumɓuke ta ginin zai biyo ta.

Shi ya sa masu aikin ba sa tumɓuke babbar bishiya daga jikin gini. Sarewa suke yi, su kashe kututturen, su bar saiwar ta bushe a hankali, suna cike gurbin da take bari. Aiki ne na shekaru, kuma ba shi da hoton da za a nuna wa manya a ce ga abin da aka yi da kuɗi.

Ba kowane tsiro ne abokin gaba ba. Siririn dabbare-dabbaren nan mai launin toka ko ruwan ɗorawa da ke mannewa a tsohon dutse, sau da yawa barinsa ya fi kankare shi, domin kankarewar kan tafi da fatar dutsen. Gansakuka kuwa saƙo ce: duk inda ta yi kore shar, akwai ruwan da ke zama a wurin, sai a ɗaga kai a nemi indararon da ya karye ko magudanar da ta toshe.

Yadda ake gane ciwon

Likita ba ya rubuta magani kafin ya duba marar lafiya, amma mu da gini haka muke yi. A 2008 kwamitin dutse na ƙungiyar ICOMOS, mai ba UNESCO shawara kan wuraren tarihi, ya fitar da ƙamus mai hotuna da ya kasa lalacewar dutse gida biyar: tsagewa da karkacewa, ɓamɓarewa, zaizayewa, sauyin launi da taruwar datti, sai mamayar tsirrai da ƙwayoyin halitta. Amfaninsa shi ne kowa ya kira cuta da suna ɗaya, kada wanda ya duba bana ya ce ɓawo, na baɗi ya ce zaizaya, a kasa gane ko abin gaba yake yi ko tsaye yake.

Yawancin binciken farko ba ya buƙatar na'ura. Lokacin da ya fi dacewa a zaga gini shi ne ana tsaka da ruwa, ko da ɗaukewarsa, a ga inda ruwan ke bi da inda yake kwanciya. A ƙwanƙwasa dutse a hankali da ƙotar wuƙa: lafiyayye na amsawa da ƙara mai kauri, wanda ya rabu daga ciki yana yin ƙarar fanko. Tsaga kuma a gano rayayyiya ce ko matacciya. Ana manna ɗan siririn gilashi ko ɗan yaɓe marar kauri a gicciye a kanta, a rubuta kwanan wata. In ya karye bayan watanni, ginin na motsi, matsalar tana ƙasa a harsashi, cike tsagar ɓata kuɗi ne.

Sai hoto. A tsaya wuri ɗaya, a ɗauki katanga ɗaya, a watan Mayu da watan Nuwamba, kowace shekara, da sanda mai awo a jingine. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa. Ina ganin babu wani aikin adana tarihi da ya kai wannan arha, kuma babu wanda muka fi sakaci da shi.

Daga nan ne ƙwararru ke shigowa da nasu kayan: awon yawan ruwan da dutse ke sha, ɗaukar ɗan gari zuwa ɗakin gwaji a gano irin gishirin, duba kwaɓin asali a san da me aka haɗa shi.

Gyaran gangar Auzinawa

Mu koma kan siminti, domin a nan ne kyakkyawar niyya ke yin ɓarna.

Tsohon gini, na dutse ne ko na ƙasa, yana numfashi. Danshi na shiga, yana kuma fita, galibi ta layin kwaɓin da ke tsakanin duwatsu, domin kwaɓin ya fi dutsen laushi. A wurin gishiri ke taruwa, kwaɓin ya lalace, a sake shi. Haka ake so. Kwaɓi abu ne da aka yi domin ya mutu a madadin dutse.

Siminti na juya wannan tsari. Ya fi yawancin tsofaffin duwatsu tauri, ba ya barin danshi ya fita cikin sauƙi, ga shi kuma yana zuwa da nasa gishirin. Ruwan da ya rasa hanya ta layin kwaɓi sai ya bi ta cikin dutsen, ko ya ƙara hawa sama, shi ya sa farin garin Karshi ke haura inda aka yaɓe. Bayan shekaru sai ka ga layukan siminti tsaye cak kamar saƙar zuma, duwatsun da ke tsakaninsu sun lotsa. Mutanen Kano da Katsina da Zariya sun san ɗan'uwan wannan a ginin ƙasa: a yaɓe soro da siminti, ƙasar ciki ta jiƙe ba a sani ba, wata rana yaɓen ya zube gaba ɗaya da rabin bangon.

Ba mu kaɗai muka yi wannan kuskure ba. A Masar, gunkin nan na Giza mai kan mutum da jikin zaki, wanda Larabawa ke kira Abul Haul, an yi masa gyara da siminti a shekarun 1980. A 1988 wani ɓangare na kafaɗarsa ya faɗo. Aikin da ya biyo baya, wanda ya ci kusan shekara goma, ya haɗa da cire simintin da maye gurbinsa da kwaɓin farar ƙasa. A Girka, injiniya Nikolaos Balanos ya ɗaure duwatsun tsohon haikalin Atina da ƙarfe a farkon ƙarni na 20. Ƙarfen ya yi tsatsa, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, sai ta riƙa fasa dutsen daga ciki. Tun 1975 ake aikin gyara wannan gyaran, ana zare ƙarfen ana sa wani irin da ba ya tsatsa. Duk mai shirin cusa rodi a tsohuwar katanga ya tuna da wannan.

Maganin da masu adanawa suka koma gare shi tsoho ne: farar ƙasa. A ƙona dutsenta da wuta mai zafin kusan digiri 900, a jiƙa, a bar ta ta jima a rami, a haɗa da yashi, kusan kashi ɗaya cikin uku na yashin. Tana da laushi, tana numfashi, kuma ana iya cire ta ba tare da an ji wa dutse rauni ba. Inda kuwa da ƙasa aka yi kwaɓin asali, da ƙasa za a mayar. Gishirin da ya riga ya shiga ana zuƙo shi da wani yaɓe na yumɓu da jiƙaƙƙiyar takarda, a bar shi ya bushe ya janyo gishirin, a ɓamɓare a zubar, a maimaita. Buroshin ƙarfe, ruwan batir, injin feshin wankin mota da fentin mai, duk an hana.

Abin takaici, dutsen farar ƙasa na nan jibge a Kalambaina, a bakin Sakkwato, inda ake yin siminti da shi tun shekarun 1960. Kayan na kusa da Surame. Hannun da ya iya sarrafa shi ne ya yi ƙaranci.

Kowa da hujjarsa

Ba adalci ba ne a ɗora wa birkila laifi. Siminti yana kamawa cikin kwana ɗaya, a biya birkila ya tafi wani aikin. Farar ƙasa na son makonni, ana yayyafa mata ruwa, ana kare ta daga rana da buhu. Wa zai biya kuɗin jiran? Kuma abin da aka koya masa ke nan, maigidansa ma da bulo da siminti ya tashi. Sarautar Sarkin Magina na nan a masarautu da dama, amma matasan da ke zuwa koyon tsohuwar sana'ar ba su da yawa.

Mai gini ko shugaban al'umma shi kuma so yake a ga sabon abu. In aka tara kuɗin gyaran tsohon masallaci ko ƙofar fada, aka gama mutane suka ga kamar ba a taɓa ba, za a ce an ci kuɗin. Alhali a wajen masu adanawa wannan shi ne yabo mafi girma. Yarjejeniyar Venis ta 1964, wadda har yau ake kafa hujja da ita, ta tsaya a kan a kiyaye kayan asali, kuma a dakata daga inda zato ya fara. Ga wanda ya saba auna aiki da fenti, wannan magana ce mai wuyar haɗiya.

Manomin da ke kusa da kufai yana ganin fili da tulin duwatsun da aka riga aka tara masa. Makiyayi yana ganin ciyawa. Ba mugunta ba ce, babu dai wanda ya taɓa nuna musu abin da za su samu idan katangar ta tsaya. Hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, NCMM, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ke da alhakin wuraren da aka ayyana, daga Legas har Sakkwato, kuma ba ta cikin hukumomin da ake rububin ba su kuɗi.

A gefen Abuja akwai ƙarin matsala, wato nakiyar masu fasa dutse. Bayan girgizar ƙasar da aka ji a Mpape a watan Satumban 2018, hukumomi sun dakatar da fasa dutse a yankin na wani lokaci. Ko ba girgizar ƙasa, tsohuwar katangar da kwaɓinta ya zube ba ta son jijjiga.

Darasin Sukur

A can Madagali, jihar Adamawa, akwai Sukur, wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin gadon duniya, a 1999. Fadar Hidi, wato sarkin garin, da shimfiɗaɗɗun hanyoyin dutse da ke hawa tsauni, da gandun gonaki masu hawa-hawa, yawancinsu jera duwatsu aka yi ba kwaɓi. Irin wannan gini ruwa na ratsa shi ya wuce, gishiri bai cika samun wurin zama ba. Ciwonsa daban ne: dutse ɗaya ya zame daga ƙasa, na sama su biyo.

Abin da ya riƙe Sukur ɗaruruwan shekaru shi ne mutanen na zaune a wurin, in dutse ya goce su mayar da shi, kuma suna da al'adar fitowa gayya su gyara. Harin Boko Haram na 2014 ya ƙona gidaje ya tarwatsa jama'a, amma da suka dawo sanin aikin na nan a hannunsu. Surame ba shi da wannan gatan. Sama da shekara 300 ke nan ba mai kwana a cikinsa.

Don haka abin da yake buƙata ba katafaren kwangila ba ne. In ma aka ba da ita gobe, tsorona shi ne a ga tirelar siminti ta doshi Binji, da muguwar rawa kuwa gara ƙin tashi. Abin buƙata shi ne a ɗauki mutanen ƙauyukan da ke kewaye aiki na dindindin: su share ciyawa daga gindin ganuwa kafin lokacin ƙunar daji, su cire tsiro tun yana ƙarami, su kauda ruwa daga tushe, su mayar da dutsen da ya faɗo mazauninsa bayan an ɗauki hoto. Jami'ar Usmanu Danfodiyo na nan Sakkwato, sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello na nan Zariya, ɗalibansu za su iya zana taswirar lalacewar ganuwar ɓangare-ɓangare.

Kirana ga hukumar NCMM da gwamnatin jihar Sakkwato shi ne su fara wannan kafin damina mai zuwa. Shi kuwa mai tsohuwar katanga a Karshi, kafin ya aika a sayo siminti, ya fara zagawa bayan gida ya ga inda ruwan kwatami ke kwanciya.